Ashaka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Garin da Siminti Ya Bunƙasa

A ina Ashaka take?

Ashaka tana cikin Ƙaramar Hukumar Funakaye, a arewacin Jihar Gombe, kusa da Kogin Gongola. Matafiyin da ya taso daga birnin Gombe zai bi hanyar da ta nufi Fatiskum har ya isa Bajoga, hedikwatar ƙaramar hukumar kuma mazaunin Sarkin Funakaye, daga nan ya karkata zuwa Ashaka, kuma tafiyar gaba ɗaya ba ta kai kilomita 100 ba. Idan aka ƙetare kogin aka ci gaba, ƙasashen Yobe da Borno ne a gaba.

Mutanen yankin suna bambanta wurare uku waɗanda baƙo yakan haɗa su a suna ɗaya. Akwai Ashaka Gari, wato tsohon garin da ya riga kamfanin siminti zuwa. Akwai masana'antar kanta tare da gidajen ma'aikatanta. Sannan akwai Jalingo, matsugunin da ya bunƙasa a gefen masana'antar, wanda kada a rikita shi da babban birnin Jihar Taraba. Wanda bai riƙe wannan bambanci ba, da wuya ya fahimci tarihin wurin, domin wuraren uku ba su ci gaba da gudu ɗaya ba, kuma ba su ci moriyar kamfanin daidai da juna ba.

Shin akwai gari a wurin kafin zuwan kamfanin siminti?

Akwai, kuma yanki ne mai tsohon tarihi. Bakin Gongola ya daɗe yana ɗauke da Bolawa da Fulani da Terawa da Barebari da Hausawa, masu noma gero da dawa da wake, masu kiwo, da masunta. Bayan jihadin 1804, yankin ya shiga ƙarƙashin masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa, wadda fadarta ta fara zama a Gombe Abba, aka mayar da ita Nafada a 1913, sannan aka kai ta inda birnin Gombe yake yanzu a 1919.

Abin da ya fi sa sunan wannan yanki a littattafan tarihi shi ne Burmi, wadda kufanta ba su da nisa da Ashaka da Bajoga. A nan Malam Jibrilla Gaini ya kafa sansaninsa a ƙarshen ƙarni na 19 ya gagari sarakunan da ke kewaye da shi, har Turawa suka kama shi a 1902. A nan ne kuma, ranar 27 ga Yuli, 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da ɗimbin mabiyansa suka yi shahada a hannun sojojin Ingila, a kan hanyarsu ta hijira zuwa gabas bayan faɗuwar Sakkwato. Kwamandan Turawan, Manjo Marsh, shi ma a wannan yaƙi ya mutu. Saboda haka kuskure ne a ce kamfani ne ya kafa Ashaka. Abin da ya yi shi ne ya tarar da garin manoma da makiyaya, ya dasa wata irin rayuwa dabam a gefensa.

Me ya sa aka zaɓi wannan wuri, ba Gombe ko Bauchi ba?

Dalili na farko yana ƙarƙashin ƙasa. Ba a kai masana'antar siminti inda masu saye suke, ana kai ta inda dutsen farar ƙasa yake ne, domin kafin a sami tan ɗaya na abin da ke fitowa daga tanderu sai an ƙona kimanin tan ɗaya da rabi na dutse da yumɓu. Ɗaukar wannan nauyi zuwa nesa asara ce tun kafin a fara ciniki. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa kimanin shekaru miliyan 90 da suka wuce, ruwan teku ya taɓa mamaye kwarin Binuwai da Gongola, kuma ɓawon halittun da suka rayu a cikinsa ne ya taru ya daskare ya zama dutsen da ake haƙa a yau. Har yanzu a ramin haƙar dutse na Ashaka ana tsintar burbushin waɗannan halittu, a naɗe irin na katantanwa, sun koma dutse, kuma ɗaliban jami'o'i sukan zo takanas domin su gan su su auna su.

Sauran dalilan sun taru ne a kan wannan. Ana samun yumɓun da ake haɗawa da dutsen a wurin. Ana samun jifsom, wani ma'adini da ake haɗawa a cikin siminti, a ƙasashen Nafada da Bajoga da Fika, wanda talakawa suke haƙowa da diga da shebur su tara a bakin hanya su sayar. Kogin Gongola yana kusa. Layin dogon da aka ja daga Kuru ya isa Bauchi a 1961, ya isa Gombe a 1963, ya ƙarasa Maiduguri a 1964, kuma ta Bajoga da gefen Ashaka ya ratsa. Ga kuma kasuwa: duk faɗin Arewa maso Gabas babu masana'antar siminti ko ɗaya, kuma mafi kusa a Arewa ita ce ta Sakkwato, wadda ta fara aiki a 1967, can ɗaya gefen ƙasar.

Su wane ne suka kafa kamfanin, kuma yaushe?

An yi wa kamfanin rajista a watan Agusta na 1974, lokacin mulkin Janar Yakubu Gowon, sa'ad da yankin yake cikin Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. Jarin ya fito ne daga gwamnati da bankunanta na raya masana'antu da kasuwanci, da kamfanin zuba jari na Arewa, da gwamnatin jihar, sannan kamfanin Blue Circle na Ingila ya shigo da ƙwarewar aiki da ta gudanarwa. Ana cikin ginin ne aka raba jihar a 1976, Ashaka ta faɗo cikin sabuwar Jihar Bauchi. An fara fitar da siminti a watan Satumba na 1979, makonni kaɗan kafin a rantsar da Alhaji Shehu Shagari a matsayin shugaban ƙasa da Alhaji Abubakar Tatari Ali a matsayin gwamnan Bauchi. Ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro Jihar Gombe, Ashaka ta sake sauya jiha ba tare da ta motsa daga inda take ba.

Yana da kyau a tuna halin da ƙasar take ciki a lokacin. Kuɗin man fetur ya shigo da yawa bayan 1973, gwamnati ta duƙufa gina barikoki da hanyoyi da makarantu, siminti ya yi ƙaranci ƙwarai. A 1975 hukumomi suka yi odar kimanin tan miliyan 20 daga ƙasashen waje, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cincirindo a gaɓar Legas suna jiran a sauke su, wasu har simintin ya daskare a cikinsu, ƙasa tana biyan tarar jinkiri kullum. Wannan abin kunya ya ƙara tabbatar da cewa ƙasar da Allah ya hore wa dutsen farar ƙasa a sassa da dama ba ta da hujjar dogara ga simintin ƙetare. Ashaka da takwararta ta Gboko a Binuwai 'ya'yan wannan zamani ne.

Yaya ake mayar da dutse siminti?

Aikin yana farawa ne a ramin haƙa. Ana share ƙasar sama, a huda dutsen da injin haƙa, a cusa nakiya a ramukan, a busa jiniya domin kowa ya kauce, sannan a tayar. Manyan motocin juji su kwashe ɓaraguzan zuwa injin da ke farfasa su. Daga nan a auna dutsen da yumɓu gwargwadon abin da ɗakin gwaji ya ƙayyade, a niƙe su su zama gari mai laushi.

Garin nan shi ake turawa cikin tanderu, wanda wani dogon bututun ƙarfe ne mai faɗi, an jera masa tubalin da ke jure wuta a ciki, an ɗan karkatar da shi, yana juyawa a hankali dare da rana. A ƙarshensa na ƙasa wuta take ci, zafinta yana kai kayan kimanin digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyos. A wannan zafi garin yakan narke sama-sama ya dunƙule ya zama ƙananan duwatsu masu launin toka, waɗanda ma'aikata suke kira kilinka. Idan kilinka ya huce, sai a sake niƙe shi tare da ɗan jifsom, abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Amfanin jifsom shi ne ya hana simintin saurin kamawa, domin ba don shi ba, da kwaɓin birkila ya sandare kafin ya ɗora bulo na biyu. Daga nan sai buhu mai kilo 50, buhu 20 tan ɗaya.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe daga wannan bayani shi ne tanderu ba ya son a kashe shi. Idan ya huce, tubalin cikinsa yakan tsage, kuma sake ɗumama shi yana cin kwanaki da makamashi mai yawa. Wannan ne ya sa ake aiki bi da bi ba tsayawa, kuma shi ya sa rayuwar garin ta koma bin agogon kamfani: mai shayi da mai abinci da ɗan acaɓa duk sun san lokacin da masu aikin dare suke tashi.

Ta wace hanya kamfanin ya sauya rayuwar garin?

Ta hanyoyi biyu, kuma ba su yi kama da juna ba.

Ta farko ita ce wadda kamfanin ya tsara da kansa. Tun da an kafa masana'antar a wurin da babu gidajen haya, babu asibiti, babu ruwan famfo, dole ya gina wa ma'aikatansa duk waɗannan: kwatas na manya da na ƙananan ma'aikata, makaranta, asibiti, wurin shaƙatawa, har da filin wasan golf. A cikin shingen akwai wuta da ruwa da titi mai kwalta a lokacin da yawancin ƙauyukan Funakaye suke kwana da fitilar ƙwai. Injiniyoyi da akantoci da masu gwajin sinadarai suka zo daga kowane sashe na Nijeriya, 'ya'yansu suka tashi tare a aji ɗaya, da yawa daga cikinsu Hausa ta kama bakinsu har suka manyanta. Albashin wata-wata, da fansho, da zuwa kwas, abubuwa ne da a da sai ma'aikacin En'e ko na gwamnati ya san su, sai ga ɗan manomi daga Bajoga ko Tongo ya same su ta hanyar koyon walda ko gyaran lantarki.

Ta biyu ita ce wadda ba wanda ya tsara, kuma a ganina ita ta fi taɓa yawan jama'a. Duk inda tireloli suke kwana suna jiran lodi, kasuwa takan tsiro. Direba da yaron mota suna buƙatar abinci da wurin wanka da masallaci da mai faci da bakanike. Dillalin da ya zo daga Maiduguri ko Yola ko Kano yana buƙatar masauki. Leburan da bai sami aikin dindindin ba yana buƙatar ɗaki mai araha kusa da ƙofar kamfani, domin ya kasance a wurin da sassafe idan ɗan kwangila ya fito neman hannu. Haka Jalingo ta cika, rumfa bayan rumfa, ɗaki bayan ɗaki. Wanda ya tsaya a bakin hanyar da hantsi zai ga layin tireloli an lulluɓe su da tamfol, mai faci ya kwantar da taya ya fi shi tsawo yana dukanta da guduma, mata suna sauke tukwanen shinkafa da wake, 'yan dako kuwa gashin girarsu ya yi fari da ƙura, sun naɗe hanci da ƙyalle.

Matsalar irin wannan girma ita ce yakan riga tsari zuwa. Gidaje sukan tashi kafin a fitar da titi, a haƙa rijiya kusa da masai, magudanar ruwa kuwa sai damina ta yi ɓarna ake tuna ta. Kamfani yana ganin abin da ke wajen shingensa aikin ƙaramar hukuma ne, ƙaramar hukuma kuma tana ganin mai arziki yana kusa, shi ya kamata ya yi. A tsakanin waɗannan zato biyu unguwannin bakin ƙofa suka girma. Bajoga ta fi samun daidaito, domin tana da sakatariya da fada da babban asibiti da bankuna da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, wato tana da wasu ƙafafun tsayawa ban da siminti. A ƙidayar 2006, mutanen Funakaye sun haura 230,000.

Ina labarin jirgin ƙasa?

An tsara masana'antar ne da nufin tarago ya kawo mata baƙin mai na hura tanderu ya kuma kwashe siminti. Da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe a Nijeriya daga shekarun 1980 zuwa gaba, nauyin duka ya koma kan kwalta. Lissafin mai sauƙi ne: tirela ɗaya tana ɗaukar buhu 600, wato tan 30, saboda haka fitar da tan miliyan ɗaya a shekara yana nufin lodi fiye da 33,000, kusan 90 kowace rana, ban da motocin da ke shigo da kwal da jifsom. Wanda ya san yadda hanyoyin yankin suke lalacewa ya san inda wani ɓangare na dalilin yake. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma babu garin da zai fi Ashaka cin moriyarsa ranar da ya iso.

Wane ne yake da kamfanin a yanzu?

Mallakarsa ta sauya hannu sau da dama. A 1990, lokacin da gwamnatin Janar Babangida take sayar da hannayen jarinta a kamfanoni, aka sa Ashaka a kasuwar hannayen jari ta Nijeriya, 'yan ƙasa da yawa suka saya. A farkon mulkin farar hula na Obasanjo gwamnati ta ƙarasa janye hannunta, Blue Circle ya zama babban mai jari. A 2001 kamfanin Lafarge na Faransa ya saye Blue Circle gaba ɗaya, Ashaka ta bi shi. A 2014 aka tattara ta ƙarƙashin Lafarge Africa, a 2015 Lafarge ya haɗe da Holcim na Suwizalan, a 2017 kuma aka cire Ashaka daga kasuwar hannayen jari. A watan Disamba na 2024 Holcim ya sanar da sayar da kusan kashi 84 cikin 100 na Lafarge Africa ga kamfanin Huaxin na ƙasar Sin, aka kammala cinikin a 2025.

Wannan jerin sunaye yana da ma'ana ga mutumin Ashaka Gari. A 1979 masu yanke shawara kan kamfanin suna Kaduna da Bauchi da Legas, kuma hakimi ko ɗan majalisa yana iya samunsu. A yau shawarar faɗaɗa masana'antar ko rage ma'aikata tana fitowa ne daga inda ake kwatanta ribar Ashaka da ta wasu masana'antu a nahiyoyi dabam-dabam. Sayar da kamfanin ya kawo jari da ƙwarewa, kuma mai yiwuwa shi ya hana shi mutuwa, amma ya nisanta masu shi daga maƙwabtansa. Duka biyun gaskiya ne.

Mece ce alaƙar Ashaka da Maiganga?

Makamashi ne ya haɗa su. Wutar tanderu ita ce mafi tsada a harkar siminti, kuma shekara da shekaru Ashaka da baƙin mai take aiki, wanda ake jigilarsa daga matatun mai. Da matatun suka riƙa tsayawa, man ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, sai kamfanin ya juya ga kwal ɗin da ke Maiganga, a Ƙaramar Hukumar Akko kusa da Kumo, fiye da kilomita 100 kudu da masana'antar. An fara haƙarsa a ƙarshen shekarun 2000, kuma sai da aka tayar da mutanen ƙauyen aka sake musu matsuguni. Daga baya kamfanin ya ɗauki aikin gina tashar lantarki tasa mai megawat 16 da ke aiki da wannan kwal, domin ya rage dogara ga wutar ƙasa da injinan dizal.

Ta fuskar kamfani dabara ce mai kyau, domin kwal ɗin gida ya fi man da ake sayowa da dala araha. Ta fuskar mutanen Maiganga kuwa, an sha jin kokensu a kafafen watsa labarai kan gonaki da ruwan sha da ingancin gidajen da aka gina musu. Duk mai ba da tarihin bunƙasar Ashaka ya kamata ya sa Maiganga a ciki, domin wani ɓangare na kuɗin wannan bunƙasa a can aka biya shi.

Me ya faru a 2014?

A farkon shekarar aka aza harsashin faɗaɗa masana'antar, da nufin ninka abin da take fitarwa, wanda yake kusan tan miliyan ɗaya a shekara, har sau uku ko fiye. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Nuwamba, mayaƙan Boko Haram suka shiga Nafada da Ashaka, suka kutsa cikin masana'antar suka kwashe nakiya da motoci. A watan Disamba suka sake dawowa ta Bajoga da Ashaka. Aiki ya tsaya na wani lokaci, iyalai da yawa suka bar kwatas, kasuwar bakin ƙofa ta yi tsit. Allah ya kawo sauƙi aka koma aiki, amma babban shirin faɗaɗawar bai tabbata yadda aka tsara shi ba. A waɗannan watanni ne mutanen yankin suka ga zahirin abin da ake nufi da gari ya rataya ga ƙofa ɗaya: mai shayin da bai taɓa karɓar albashin kamfani ba, shi ma cinikinsa ya tsaya ranar da tireloli suka daina zuwa.

Gaskiya ne ƙura da haƙar dutse suna cutar da maƙwabta? Me doka ta ce?

Babu masana'antar siminti a duniya da ba ta da wannan matsala, bambancin kawai shi ne yadda ake shawo kanta. Ƙura tana fitowa daga ramin haƙa, da injin niƙa, da bututun hayaƙi, da kuma tayoyin manyan motoci a kan hanyar da ba kwalta. Idan ta yi yawa takan kwanta a kan ganyen shuka da rufin ɗaki da abincin da aka shanya, kuma shaƙarta na tsawon lokaci yana wahalar da ƙirji, musamman ga yara da tsofaffi da masu asma. Girgizar nakiya tana iya tsaga bangon ginin ƙasa. Gonar da aka haƙe kuwa ba ta komawa gona sai an cike ramin an mayar da ƙasar sama da gangan. Akwai na'urorin tace ƙura masu kama mafi yawanta kafin ta fita, amma sai ana kula da su ana sauya su, kuma sai akwai mai zuwa ya auna ya tabbatar.

A dokar Nijeriya, ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnatin tarayya ne, ba na mai gona ba, ba na jiha ba. Abin da mai gona yake da hakki a kansa shi ne diyyar amfanin da ke saman ƙasar da kuma kuɗin hayar fili. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ƙara wani abu mai muhimmanci: ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garuruwan da ke maƙwabtaka da shi kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk bayan shekara biyar. Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, sannan a 2007 aka kafa hukumar tarayya mai sa ido kan ƙa'idojin muhalli. Kamfanin ya gina ajujuwa da rijiyoyin burtsatse da dakunan shan magani a ƙauyukan kewaye, ya kuma ba da tallafin karatu. Shawarar da zan ba matasan yankin ita ce su nemi ganin takardar yarjejeniyar da idonsu, su san abin da aka rubuta, da wanda ya sa hannu a madadinsu, da ranar da za a sabunta ta. Koken da aka kafa a kan sakin layi na takarda ya fi wanda aka kafa a kan jita-jita isa inda ake so.

Me ya sa siminti ba ya araha a Gombe alhali a nan ake yin sa?

Wannan tambaya ce da ake yi da ɓacin rai, kuma akwai dalilin ɓacin ran. Amsar ita ce dutsen ne kawai na gida. Kayan gyaran injina da tubalin tanderu da nakiya da sauran abubuwa da dama ana sayo su ne da kuɗin waje, saboda haka duk faɗuwar naira tana shiga cikin buhu, kamar yadda aka gani bayan 2023, har buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Ban da haka, kamfanoni uku ne suke riƙe da kusan dukan kasuwar siminti a Nijeriya, wato Dangote da BUA da Lafarge, kuma farashi yana bin kasuwar ƙasa baki ɗaya, ba nisan mai saye daga masana'anta ba. Ɗan sauƙin da kusanci yake kawowa na kuɗin mota ne, shi ma sau da yawa a hannun dillali yake tsayawa kafin ya iso ga mai gini.

Masana'antu da yawa na wancan zamani sun mutu. Me ya raya Ashaka?

Kwatanci mafi kusa shi ne kamfanin Steyr na Bauchi, wanda ya fara harhaɗa taraktoci da manyan motoci a ƙarshen shekarun 1970, kusan lokaci ɗaya da Ashaka. Steyr yana shigo da sassan motocin ne daga Turai, babban mai sayensa kuma gwamnati ce. Da kuɗin mai ya ja baya, aka karya darajar naira a 1986, sassan suka yi tsada, gwamnati ta rage saye, sai aikin ya durƙushe. Masaƙun Kaduna da Kano su ma sun faɗi a gaban tsadar wuta da kayan fasa-ƙwauri, faɗuwarsu kuma ta ja wuraren gurzar auduga irin na Gombe. Ashaka ta tsira ne saboda abu uku: babban kayan aikinta yana ƙarƙashin ƙafarta, kayan da take yi yana da nauyin da ke sa kawo kishiyarsa daga nesa ya yi tsada, kuma ba a daina gini ba ko a shekarun wahala. Manufar gwamnati ta 2002, wadda ta taƙaita shigo da siminti ga masu zuba jari a masana'antun cikin gida, ta ƙara mata kariya.

Idan dutsen ya ƙare fa, ina makomar garin?

Kowane ramin haƙa yana da iyaka, ko da iyakar tana da nisa. Amma abin da ya fi kusa da ƙarewar dutse shi ne raguwar hannun da ake buƙata. Masana'antar siminti ta zamani tana fitar da kaya mai yawa da mutane kaɗan, ana sarrafa tanderu daga ɗaki ɗaya ta kwamfuta, ayyuka da dama kuma an miƙa su ga 'yan kwangila masu ɗaukar leburori na wucin gadi. Ko an faɗaɗa Ashaka gobe, ba za ta ɗauki dukan matasan Funakaye ba, ba ma rabinsu ba.

Abin da yankin yake da shi ban da ƙofar kamfani ba kaɗan ba ne. Akwai fadamun Gongola da ke ba da noman rani na shinkafa da masara da kayan miya. Akwai kiwo da kasuwannin dabbobi. Akwai jifsom, wanda a yanzu ake sayar da shi ɗanye, alhali ana iya sarrafa shi ya zama allin makaranta da farin garin da ake yi wa silin ado da shi. Akwai tsofaffin ma'aikata da suka yi shekaru suna walda da gyaran injina da lantarki a ma'auni mai tsauri, waɗanda za su iya horar da yara idan an haɗa su da kwalejin da ke Bajoga. A ƙasan kogin kuma akwai madatsar Dadin Kowa mai ba da lantarki megawat 40, inda gwamnatin jiha ta kafa dandalin masana'antu. Masu buga bulo da masu yin bututun kwalbati da turakun lantarki na kankare su ne suka fi dacewa da zama kusa da inda siminti yake fitowa, kuma abin da suke buƙata daga ƙaramar hukuma da jiha shi ne fili mai takarda, da wuta, da hanyar da tirela za ta bi da damina.